Na'urar binciken jiki ko laluben hannu: wanne ya fi wa matafiyi a filin jirgi?

Da zarar an soma bitar maniyyata a Katsina, ko azumi ya ƙarato masu Umara sun fara ɗaure kaya, sai tsofaffin saƙonnin murya su sake ɓullowa a WhatsApp. Wai akwai wani kejin gilashi a filayen jirgin sama da ke tuɓe mutum tsirara a idon ma'aikata, wai haskensa yana sa ciwon daji, yana hana haihuwa, mai juna biyu kuwa ko kusa da shi kada ta je. Ƙarshen saƙon kullum shawara ɗaya ce: in aka nuna maka shi ka ƙi, ka ce a caje ka da hannu. Maganar ba ta tsaya kan alhazai ba. Ta shafi ɗalibin da zai koma karatu Ingila, da ɗan kasuwar da ke sarin kaya a Dubai ko Guangzhou, da wanda zai raka mahaifinsa asibiti Alƙahira.

Nawa ra'ayin ba a ɓoye yake ba. Ga yawancin matafiya shiga na'urar ya fi sauri, ya fi sauƙi, kuma a yadda take a yau ya fi tsare mutunci. Akwai waɗanda lalube ya fi dacewa da su, amma dalilinsu ba tsoron radiyeshin, wato hasken da ake cewa yana cutarwa, ba ne.

Ruɗanin yana farawa ne daga haɗa na'urori daban-daban a ba su suna ɗaya. Ƙofar nan mai ƙara da muka saba wucewa ta cikinta a filayen jirginmu na gida, irin wadda ake kafawa a wasu bankuna da wuraren taro, ƙarfe kawai take ganowa da maganaɗisu mai rauni. Ba ta ɗaukar hoto, babu eksire a cikinta, haka ma sandar da jami'i ke shafawa a jikinka. Injin da jaka ke shiga ta ƙarƙashin labulen roba shi ne mai eksire na gaske, shi ya sa aka lulluɓe shi da dalma, kuma shi ya sa ba a son ka zura hannu ciki don jakarka ta maƙale. Amma ba ya barin komai a jikin kaya. Dabinon da ya bi ta cikinsa dabino ne, maganin hawan jini ma bai canza ba. Na'urar da ake ta cece-kuce a kanta ita ce ta uku, wadda mutum ke tsayawa a cikinta da tufafinsa ta duba abin da ke tsakanin riga da fata.

Mu 'yan jihar nan ba ma jin daɗin tuna abin da ya sa ta bazu a duniya. Ranar 25 ga Disamba 2009 Umar Farouk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da abin fashewa a jirgin Northwest mai lamba 253 daga Amsterdam zuwa Detroit. Mahaifinsa, dattijo ɗan asalin Funtuwa, ya riga ya kai rahoton damuwarsa ofishin jakadancin Amurka a Abuja tun kafin haka. Abin da ya girgiza masu tsaro shi ne sinadarin a cikin kamfai aka ɗinke shi, kuma babu ƙarfen da ƙofar bincike za ta yi wa kuka. Daga 2010 sai filayen jirgi suka shiga rige-rigen sayen na'urar da ke ganin abin da ba ƙarfe ba.

Iri biyu aka kawo a lokacin. Ta farko manyan akwatuna biyu ce, mutum ya tsaya a tsakaninsu, siririn hasken eksire ya bi jikinsa ya dawo. Ita ce ta jawo duk surutun, kuma surutun ba na jahilai kaɗai ba ne: a 2010 wasu masana huɗu na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko sun rubuta wa fadar shugaban Amurka cewa tunda hasken a fata yake taruwa, ya kamata a ƙara bincike a kansa. A Nuwamba 2011 Tarayyar Turai ta hana amfani da mai eksire wajen tantance fasinjoji a filayen jirginta. Amurka ita ma ta kwashe nata a tsakiyar 2013, ko da yake dalilinta na hukuma ba lafiya ba ne, kamfanin Rapiscan ne ya kasa kawo manhajar da za ta ɓoye surar jikin mutum kafin wa'adin da majalisa ta ba shi. Ke nan saƙonnin da ke yawo a wayoyinmu yawanci labarin injin da aka yi wa ritaya fiye da shekara goma ne.

Wadda matafiyi zai tarar yau a Turai da Amurka ita ce iri na biyu, mai aiki da igiyar rediyo mai gajeren zango ƙwarai. Wata kamar rumfar gilashi take, ka taka sawun da aka zana a ƙasa, ka ɗaga hannuwa sama da kai, wasu sanduna biyu su zagaye ka cikin daƙiƙa biyu ko uku. Wata kuma ta baya-bayan nan allo biyu ne a tsaye, ka shiga tsakani ka ɗan ware hannuwa daga jiki, shi ke nan. Bambancinta da eksire ba na adadi ba ne, na asali ne. Eksire yana da ƙarfin da zai iya ɓata ƙwayar halittar jiki, nan ne haɗarin ciwon daji yake. Igiyar rediyo ba ta da wannan ƙarfin. Iyakar abin da take iya yi in ta yi yawa sosai shi ne ɗumama fata, kuma abin da na'urar ke fitarwa ya gaza na wayar hannu sau dubbai. Ko milimita ɗaya ba ta cika shiga cikin fata ba, balle ta kai ga mahaifa ko ɗan tayi. Wani zai ce ai a 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyoyin rediyo a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar. Haka ne, amma a kan masu kafa waya a kunne awa da awanni tsawon shekaru aka yi waccan muhawara. Wanda ya ɗauke ta da gaske, da kiran da yake yi a zauren jira ya kamata ya fara.

To, a ce ma mutum ya faɗa ƙasar da har yanzu tsohuwar take aiki. Ana auna radiyeshin da ke shiga jiki da ma'aunin maikrosibat. Shiga ɗaya a tsohuwar na'urar bai kai 0.1 ba. Kowane ɗan Adam, ko a Daura yake zaune bai taɓa ganin jirgi ba, yana karɓar kimanin 2,400 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci, wato shida da ɗoriya kowace rana. Hoton ƙirji ɗaya a asibiti tsakanin 20 ne zuwa 100. Hoton ciki da babban injin siti sikan na asibiti kuwa yakan kai dubu takwas zuwa dubu goma. Sai abin da masu saƙon murya ba su faɗa: shi kansa jirgin. In ya lula sama, iskar da ke kare mu daga haskokin sararin samaniya ta ragu, fasinja yana karɓar kamar 2 zuwa 5 a kowace awa, gwargwadon tsayin da aka hau da yankin da ake bi. Daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina zuwa Jidda awa huɗu ne da wani abu, a ƙiyasi wajen 10 ke nan. Sai mutum ya shiga tsohuwar na'urar fiye da sau ɗari kafin ya kamo abin da zai karɓa yana zaune a kujerarsa yana lazimi. Shi ma wannan ɗin ba abin ɗaga hankali ba ne, matuƙa jirgi da ma'aikatansa da ke sama kullum su ne ake lissafa wa nasu.

Inda maganar take da nauyi a wurinmu shi ne al'aura, kuma a nan ban ga laifin wanda ya ja da baya ba. Na'urorin farko hoton jiki suke fitarwa, ƙirar mutum ƙarara, wani jami'i a wani ɗaki yana kallo. A Fabrairun 2010 majalisar fiƙihu ta Arewacin Amurka ta fitar da sanarwa cewa hakan ya saɓa wa koyarwar Musulunci kan sutura, ta ba da shawarar a zaɓi lalube. A shekarar ne kuma aka hana wasu mata biyu hawa jirgin Islamabad a Manchester saboda sun ƙi shiga. Waccan fatawa kan waccan na'ura aka yi ta. Yanzu a Amurka da yawancin filayen Turai babu mai ganin jikinka. Kwamfuta ce ke karanta abin da igiyar ta dawo da shi, sai ta nuna wani zanen mutum-mutumi iri ɗaya ga kowa, siriri da mai ƙiba, tsoho da yaro. In ba ta ga komai ba ta ba da alamar wucewa, in ta ga wani abu ta sa ɗan akwati a daidai wurin. Allon a gefen na'urar yake, in ka fito ka waiwaya za ka gan shi da idonka. Wannan ma hanya ce ta gane irin wadda kake gabanta: in zanen yana nan a fili kowa na gani, sabuwar ce.

Yanzu a auna da lalube. Wanda bai taɓa sha ba yana zaton shafar sandar nan ce da aka saba yi masa a ƙofar masallacin Juma'a. Ba ita ba ce. Cikakken laluben da ake yi wa wanda ya ƙi na'ura yana bin wuya da hamata da ƙirji da ƙugu, a zura yatsa a bakin wando, a bi cinya ta ciki har sama. Mace ce ke yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, da safar hannu, kuma a wurare da yawa kana da damar neman a shiga ɗaki a yi, har ka tafi da shaida. Duk da haka hannun baƙo ne a jikinka, kuma sau da yawa sai ka jira an samo wanda zai yi, jakarka da fasfo da waya suna can ƙarshen bel babu mai kula. Hajiyar da ta ƙi zanen da ba nata ba don kunya, ta koma wata baturiya tana shafa ta daga ƙirji zuwa cinya, an yi gudun gara an tarar da zago.

Sai dai na'urar tana da nata aibin, kuma mu masu manyan kaya ya fi shafa. Ba ta san mene ne abu ba, ta dai san akwai wani abu da ba fata ba. Da Jamus ta gwada ta a filin jirgin Hamburg tsakanin 2010 da 2011, fiye da rabin waɗanda suka shiga sai da ta yi musu ƙararrawar banza, saboda ninkin tufafi da maɓalli da gumi. An inganta manhajar tun daga lokacin, amma har yau yadi mai kauri da ninki yana ruɗa ta. Ka ɗauki babbar riga ta shadda mai aska tara, ga sitaci, ga aljihu cike da carbi da asuwaki da goro. Ko hijabi har ƙasa a kan atamfa, a kan siket, ga ɗankwali mai ƙulli, ga ƙarin gashi. Ko mai harami da bel ɗin kuɗi a ƙugu. Duk waɗannan suna iya jawo akwatin nan a allo, daga nan a taɓa wurin da hannu. Gara wannan da cikakken lalube, tunda wurin da aka nuna kaɗai ake dubawa, amma wanda ya shirya ko shi ba zai sha ba.

Da gwaggona za ta Umara daga Daura, abin da muka fi daɗewa a kansa ke nan. Na ce, «Gwaggo, kuɗin nan da kuke ƙullewa a bakin zani, ranar tafiya a jaka za ku sa su.» Ta ce, «Kai ɗan nan, kuɗin guzurin nawa zan rabu da su a hannun mutanen da ban sani ba?» Na ce ai jakar a gabanku za ta wuce, minti ɗaya ba za ta yi ba, in kuwa suna jikinku sai an sa kun kwance zani a ɗaki. Ta yi shiru, can ta ce, «To, layar fa?» Ita ma dai haka. Laya da guru da jigida, ko babu ƙarfe a jikinsu na'urar tana ganinsu, kuma bayyana wa jami'in da ba ya jin Hausa abin da ke ɗinke cikin fata aiki ne. Wanda ba zai iya barin tasa a gida ba ya sa ta cikin jakar hannu tun kafin ya shiga layi. Maza su tuɓe babbar riga su ninke ta a tire, su shiga da 'yar ciki da wando, hula ma a cire in an nema. Mata su zaɓi doguwar riga marar duwatsu da hijabi marar nauyi. Ko takardar shiga jirgi da hankici kada a bari a aljihu.

Mai juna biyu, in dai sabuwar na'urar ce ko ƙofar gano ƙarfe, babu abin da zai kai ga cikin. Hukumar alhazai dama ba ta barin mai ciki ta tafi Hajji, amma masu Umara da masu bin miji ƙasar waje suna tafiya. Abin da ya fi cancantar ta tattauna da likitarta shi ne daskarewar jini a ƙafa saboda dogon zama, da kuma ƙa'idar kamfanonin jirgi, waɗanda yawancinsu ke neman takardar likita daga mako 28, su daina ɗauka wajen mako 36. In hankalinta bai kwanta ba duk da haka ta nemi lalube, kwanciyar hankali ma wani abu ne, ba zan yi mata gardama ba.

Mai batirin zuciya shi lissafinsa a juye yake da abin da mutane ke zato. Na'urar jiki ta fi masa ƙofar gano ƙarfe. Likitocin zuciya a Munich sun gwada marasa lafiya kusan 300 masu irin waɗannan na'urori a jiki, suka ba da sakamako a 2018 cewa ba su ga ta taɓa aikin ko ɗaya ba. Abin da zai kiyaye shi ne sandar hannu, kada a tsayar da ita a kan ƙirjinsa, ya kuma nuna katin da asibiti ya ba shi tun kafin a fara. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙugu ko gwiwa shi ma na'urar jiki ta fi masa, don ƙarfen yana can cikin nama inda igiyar ba ta kaiwa, alhali ƙofa kullum sai ta yi masa kuka.

Waɗanda zan ce su zaɓi hannu kai tsaye ba su da yawa. Mai ciwon suga da ke ɗauke da famfon insulin ko na'urar auna suga da ke manne a fata ya duba takardar da ta zo da ita, don wasu kamfanonin sun ce kada a shiga da ita na'urar jiki, kada kuma a tura ta injin jaka. Sai wanda ba ya iya tsayuwa shi kaɗai ko ɗaga hannu, kamar mai shanyewar ɓarin jiki ko tsohon da ke kan keken guragu. Sai mai ɗauke da jariri. Mai rauni ko sabon ɗinki ko jakar bahaya a ciki, ko ya shiga na'urar za ta nuna wurin, saboda haka ya faɗa tun farko, ya nemi ɗaki, ya ce a sauya safar hannu kafin a taɓa kusa da ciwon.

Kuma ba ko'ina ne zaɓin yake hannunka ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta ba fasinja damar ƙin na'ura a bincike shi ta wata hanya. A Amurka ma ana iya ƙi, sai dai tun ƙarshen 2015 jami'ai na da ikon tilasta wa wasu fasinjoji shiga. Ingila ta fara da dokar in ba ka shiga ba babu tafiya, sai a 2013 ta sassauta, ta yarda da tsattsauran lalube a keɓe, wanda zai iya haɗawa da sassauta tufafi ko cire wasu. Ostareliya kuwa ba ta ba da zaɓi sai da dalilin lafiya ko nakasa. Mai riƙe da koren fasfo da ya tsaya jayayya a wurin da bai san dokarsa ba, jirginsa ne zai tashi ya bar shi, tikitin kuma ba a maido masa.

Akwai wata na'ura guda da ba ta shiga duk wannan lissafin ba, kada a haɗa su. Ita ce wadda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, da takwarorinta na wasu ƙasashe ke sa wanda ake zargin ya haɗiyi ƙunshin hodar ibilis. Wannan eksire ne da ke ratsa jiki ya nuna abin da ke cikin hanji, ƙarfinsa ya fi na tsohuwar na'urar fasinja, kuma ba kowa ake sawa ba, sai wanda aka ware. Matar da aka kira gefe aka nuna mata irin wannan, in tana da ciki ko tana zaton tana da shi, ta faɗa da babbar murya kafin ta hau. Tsofaffin da ba su jin Turanci ko Larabci kuwa, 'ya'yansu su rubuta musu ciwonsu da abin da ke jikinsu a 'yar takarda da harsunan biyu, a sa ta cikin fasfo, a kuma nuna musu tun daga gida wa za su miƙa wa.